Ranar da Teku Ya Tafi Kiwo

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, mutanen gidana ba za su bari ba. Maganar wani yammaci nake yi a bakin teku, ranar da na buɗe baki na ce wa surukina, uban matata, ya yi min shiru. Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san ba ƙaramin abu ba ne. Amma bari in ɗauko zancen daga tushe, kamar yadda aka koya mana a wurin aiki: wane ne, a ina, sannan me ya jawo.

Kafin in zo Kuala Lumpur ƙaro karatu, aikin rediyo nake yi a Kano. Ina fassara labarai, ina karanta su. Aiki ne mai sa mutum ya ɗauka ya san duniya, don kullum sunayen ƙasashe ta bakinsa suke bi. Na iya furta sunayen garuruwan da ban san ko gabas suke ko yamma ba. Ruwa kuwa, mafi girman da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne na madatsar Tiga. (Teku na gan shi, amma ta tagar jirgin sama, kuma rabin tafiyar barci nake.) Mutanen gida suna zaton duk wanda ke Malesiya da rairayin bakin ruwa yake karyawa. Ba haka ba ne. Kuala Lumpur ba ta da teku. Rayuwata a unguwar Wangsa Maju ba ta wuce gida, jirgin ƙasa na cikin gari, ɗakin karatu, sai shagon mamak da ke ƙasan benenmu, inda Indiyawa Musulmi ke sayar da shayi da gurasarsu.

Ina zaune da matata, Maman Hanan, da 'yarmu Hanan, wadda a lokacin take ajin renon yara. Muna cikin rufin asiri, ba abin da ya dame mu, sai ga Baba ya zo a duba masa gwiwa a asibiti.

Baba tsohon ma'aikacin kwastan ne da ya yi ritaya. Dogo ne, mai jiki, ba ya yawan magana, kuma yana da wani irin kallo da in ya yi maka sai ka fara tunanin ko akwai abin da ka ɓoye a jaka. Ban taɓa tambayarsa inda da inda ya yi aiki ba, domin tsakanin mutum da surukinsa ba a irin wannan hirar. Gaisuwa ce a durƙushe, ido a ƙasa, a tashi. Shi kuma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Mai Labarai". An gaya min ranar da aka je nema min aure, da aka faɗa masa aikina, cewa ya yi, "Ɗan rediyo? Wato surutu ne sana'arsa."

A gida irin na Kano kunyar suruki ba ta da wuya: yana zaure, kana waje. A ɗaki biyu da falo, can saman bene, aiki ce sosai. Ban ci ko loma ɗaya a gabansa ba. Ko dai in sauka wurin mamak, ko in yi tapau, wato a ƙunsa min, in zauna a matakalar bene in ci kamar mara gaskiya. Maƙwabciyarmu 'yar China ta taɓa samu na a haka, ta tambaye ni cikin tausayi ko matata ce ta kore ni.

Da jikarsa kawai Baba yake sakin fuska. "Amarya," in ji shi wata rana, "kawo wa angonki ruwa."

"Boleh!" in ji Hanan, ta ruga kicin.

Baba ya dubi 'yarsa. "Uwata, ni take ce wa bola?"

(Sunan mahaifiyarsa aka sa wa matata, shi ya sa yake kiran ta haka.) Ta yi dariya, ta bayyana masa cewa da Malayanci ne, ma'anarsa "to, za a iya". Baba bai yi dariya ba. Da yamma, ina tsakar falo ina yi kamar ina gyara fanka, ya yi maganar da ya zo da ita tun daga gida. Da ita yake magana, amma ni ake nufi in ji.

"Uwata, in zan koma, da ku zan koma. Shi ya ƙarasa karatunsa ya same ku. Yarinya tana neman rasa Hausa. Ga ku a sama kamar tantabaru, ba dangi, ba kowa. Yau in wani abu ya faru, wa zai ɗauke ku? Mai Labarai?" Ya girgiza kai. "Sai dai ya ba da labarin."

Fankar da ba abin da ya same ta na ci gaba da gyarawa.

Daga baya Maman Hanan ta tare ni a kicin, murya ƙasa-ƙasa. "Abban Hanan, ka yi wani abu mana. Ni ba na son tafiya, kuma ka san ba zan iya yi wa Baba musu ba."

Ni ma ba zan iya ba. Mutumin da ba na iya kallon idonsa, yaya zan yi in ja da shi? Amma saura shekara guda a karatuna, kuma da na kwatanta falon nan babu takalman Hanan a watse a ƙofa, na san ba zan iya jurewa ba. Sai na yanke shawarar in bar ƙasar ta yi magana a madadina. Zan kai Baba Pinang, tsibirin da abokan karatuna ke yabon natsuwarsa, ya ga wurin zaman lafiya ne, ya kuma ga cewa mijin 'yarsa mutum ne mai lura, wanda ya san abin da yake yi. Na zauna na karance tarihin garin kaf. Na tsara tafiyar kamar shirin rediyo, komai da lokacinsa.

Mun hau jirgin ƙasa da sassafe, muka sauka a Butterworth kafin azahar, muka gangara tashar jirgin fito. A nan na fara tsayawa a gaban teku da ƙafafuna. Ban nuna ba. Na riƙe ƙarfen jirgin da hannu biyu, ina yi wa Baba bayanin faɗin mashigin ruwan da ke tsakaninmu da tsibirin da zurfinsa, da muryar labaran ƙarfe bakwai. Shi kuwa ya jingina da sandarsa, iska tana kaɗa masa babbar riga, ya lumshe ido yana shaƙar warin gishirin nan kamar wanda ya haɗu da tsohon aboki. Da ina da lura da gaske, da a nan na tsaya na yi tunani.

Da muka sauka a tsibirin, unguwar da ke bayan tashar fiton ta fi yadda aka ba ni labari. Tsofaffin shaguna ne a jere, ƙasa kanti sama gida, da rumfa doguwa a gabansu da mutum zai yi ta tafiya rana ba ta taɓa shi ba. Masu keken fasinja sun ɗora ƙafa a kan sitiyari suna barci, ba wanda ya taso ya ja mana riga. Kyanwa ta miƙe a tsakiyar hanya, babura suna kauce mata. Ƙamshin turaren tsinke yana fitowa daga ɗakin bautar 'yan China, gaba kaɗan ga hasumiyar masallaci, kuma ba wanda ya damu da wani. Bayan hayaniyar Kuala Lumpur, sai na ji kamar an rage wa duniya ƙara.

Abin da ya fi burge mu shi ne gidajen kan ruwa. Kusa da tashar fiton akwai wasu dogayen gadoji na katako da suka miƙa cikin teku, dama da hagu gidaje ne a kan turaku, mutane suna zaune a ciki tun kakanninsu. Muka bi ɗaya har ƙarshe. Ruwa ya cika maƙil, yana lasar katakon da muke takawa. Hanan ta kwanta rub da ciki tana leƙen ƙananan kifaye ta tsakanin katakai. Jiragen masunta suna ta rausaya a ɗaure. Wata tsohuwa mai sayar da ruwan kwakwa a ƙofar gidanta ta jawo wa Baba kujera ba tare da an roƙe ta ba, ya zauna ya sha, ya ce, "Garin nan ba ya sauri."

Na rubuta wannan a zuciyata a matsayin ci ɗaya.

Muka yi sallah a wani tsohon masallaci, muka haɗa azahar da la'asar irin ta matafiya. Muka ci nasi kandar, shinkafa ce da ake kwarara wa miya kala-kala har su gauraye. (Na ce "muka ci". Su suka ci. Ni na ce na ƙoshi, sannan na zagaya teburin da ke bayan ginshiƙi na cinye faranti guda a gurguje.) Baba ya ƙara miya. Ci biyu. Muka je masauki ya miƙe ƙafa, da rana ta yi sanyi kuma shi da kansa ya ce a koma gadar katakon nan ya ga faɗuwar rana. Maman Hanan ta kalle ni ta gefen ido, ta ɗaga gira. Abu yana tafiya.

A nan dole in dakata in kawo wani bayani. Shekarun baya a wurin aiki an taɓa ba ni fassarar wani shiri na wayar da kai game da bala'o'i, ciki har da igiyar ruwan nan da ake kira tsunami. Akwai jimla ɗaya da na sha wuya kafin ta zauna, kuma da ta zauna na yi alfahari da ita har na haddace: "Idan ka ga teku ya ja da baya, ya bar ƙasa a fili, kada ka tsaya kallo, kada ka tsaya tsintar kifi, ka nemi tudu." Na karanta wa mutanen Kano wannan gargaɗi da murya mai nauyi, mutanen da sai sun wuni sun kwana a mota kafin su ga teku. Ban san ni kaɗai na yi wa shirin ba.

Muka shiga gadar. Gidaje sun rufe dama da hagu, ba ka ganin ƙasa sosai. Wari na fara ji, wani irin ƙarni da babu shi da rana. Ban kawo komai ba. Muna tafe a hankali saboda gwiwar Baba, har muka fita daga tsakanin gidajen, muka iso ƙarshen gadar.

Babu teku.

Inda ɗazu ruwa ke lasar katako, yanzu taɓo ne baƙi, shimfiɗe, yana ƙyalli. Turakun gidajen sun fito tsirara, dogaye, duk sun yi kanta. Jiragen da na bari suna rausaya sun kwanta a gefe ɗaya cikin laka kamar shanun da aka kayar. Ƙananan ƙaguwa suna ta kai da kawo. Ruwan yana can nesa, ya ja baya, ya yi lamo.

Ni mutum ne da ba ya firgita da wuri, aikin ya koya min haka. An sha miƙo min takardar rasuwar babban mutum ina tsakiyar labarai, in karanta muryata ba ta girgiza ba. Don haka ban yi ihu nan take ba. Na duba abin da ke gabana, na gwada shi da jimlar da ke kaina, na ga sun dace kalma da kalma. Teku ya ja da baya. Ya bar ƙasa a fili. Har kifin da aka ce kada a tsinta na hango, wata balbela tana tsinta. (E, a sakandare an koya mana cewa wata yana jan ruwan teku, ya cika ya ragu. Na ma ci tambayar a jarrabawa. Amma a zatona ragin bai wuce a ɗebi moɗa ɗaya a randa ba. Ba wanda ya ce min tekun tattara kayansa yake yi ya bar unguwa.)

Na juya wurin matata, na yi amfani da muryar sanarwar rasuwa. "Maman Hanan, ɗauki yarinyar nan. Kada ki tambaye ni komai. Ki gudu har sai kin ga kwalta, kada ki waiwaya."

Ta kalli fuskata sau ɗaya, ta suri Hanan, ta zura.

Saura ni da Baba. Yana tsaye, ya dogara sanda, yana kallon taɓon da wani ɗan murmushi. Ya ɗaga hannu ya nuna, ya fara cewa, "Ka ga ruwa ya..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na auna tsawon gadar, na auna gwiwarsa, na ga lissafin ba zai fita ba. Sai na durƙusa a gabansa kamar yadda na saba kullum, sai dai wannan karon baya na ba shi. Na kama ƙafafunsa biyu, na yi bisimilla, na miƙe da shi.

Sanda ta faɗi. Hula ta bi ta.

"Kai! Kai, Mai Labarai! Lafiyarka ƙalau? Sauke ni!"

"Baba, riƙe ni da kyau!"

"Na ce ka sauke ni! Ruwan nan fa..."

"Baba, yi shiru! Don Allah yi min shiru!"

To, ga ta nan. Na faɗa, da ƙarfi kuwa, da muryar da aka horar don ta kai ƙauyuka. Kuma ya yi shirun.

Na ce na ruga da shi, amma gaskiya a zuci ne kawai nake gudu. A ƙafa tafiyar agwagwa ce. Baba ba ƙaramin mutum ba ne, ga babbar riga ta lulluɓe min rabin fuska, ga katakai suna kuka a ƙarƙashinmu. Duk da haka ban manta haƙƙin jama'a ba. Ina tafe ina shela da duk harshen da ya zo bakina: "Tsunami! Lari! Ku gudu! Lari!" (Lari shi ne gudu da Malayanci. A wurin wasan makarantar su Hanan na koye shi.)

Baƙi 'yan yawon buɗe ido sun karɓi sanarwata hannu biyu. Wasu Turawa biyu suka yar da abin da suke lasa suka wuce ni kamar iska. Wasu 'yan mata da ke ɗaukar hoto suka bi su suna ƙara. Amma masu unguwa, ko gezau. Wani tsoho mai singileti da ke zaune a ƙofar gidansa ya janye ƙafafunsa don in samu hanya, ya mayar da su bayan na wuce, ya ci gaba da shan shayinsa. Wata mata ta leƙo ta taga da cokali a hannu. Na ce a raina, Allah sarki, haka mutane suke halaka, da taurin kai.

Da muka zo daidai gidan tsohuwar nan mai ruwan kwakwa, sai ta taso ta tare gabana tana kaɗa hannu. "Surut! Surut lah!"

Kunnena bai ji komai ba sai "surutu". Wato har a nan? Har a tsibirin da ba a san ni ba? Ina ɗauke da mutumin da ya fara yi min wannan shaida, ina ƙoƙarin ceton ransa, wata kuma ta fito ta tabbatar masa? Na kauce mata, na ba ta amsa da Hausa tsantsa: "Surutu ko? Yanzu za ki ga surutu!"

A nan na ji jikin Baba ya fara rawa a bayana. Ƙirjinsa yana bugun kafaɗata, numfashinsa yana fita guntu-guntu. Hankalina ya ƙara tashi. Na ce shi ke nan, tsoro ya taɓa masa zuciya, zan tserar da shi daga ruwa in kashe shi a tudu.

"Baba, yi salati! Mun kusa! Yi ta salati!"

Rawar jikin ta ƙaru.

Da ƙyar na kai bakin titi. Na sauke shi a kan wani benci, na dafa gwiwoyina ina haki, silifa ɗaya a ƙafa. Maman Hanan tana tsaye rungume da yarinya, mayafi ya zame, ido ya yi ja. Turawan nan suna can tsallaken titi suna neman bene mai tsawo. Na juya don in ga ƙarshen unguwar da ta yi mana karamci.

Sai jirgin fito ya yi ƙaho. Ya fito daga tasharsa a natse, cike da mutanen da suka taso daga aiki, ya bi ta tsakiyar mashigin inda ruwa ke da zurfi, ya nufi Butterworth. Wani a cikinsa ma ɗaga mana hannu yake. Rana tana faɗuwa, jajir, kyakkyawa, daidai yadda na tsara a shirina. Balbelar nan tana nan tana tsintar kifinta.

Na dubi Baba. Hawaye ne ke zuba a fuskarsa, ya riƙe ciki. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar.

"Wayyo Allah," in ji shi, da ya samu numfashi. "Uwata, ba ni hankici. Mai Labarai, shekara nawa ka san na yi a tashar jiragen ruwan Apapa?"

Na ce ban sani ba, ranka ya daɗe.

"A bakin ruwa na yi rabin aikina. Kullum ta Allah haka yake yi, ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya dawo. Mu 'yan Arewa da ke can cewa muke ruwa ya tafi kiwo. Da kansa yake komowa, ba a aika kowa nemansa. Abin da na buɗe baki zan gaya maka ke nan, ka sungume ni kamar buhun gero." Ya share ido. "Na sake buɗe baki, aka ce in yi shiru."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Amma a unguwar nan ko ƙasar ma taɓo ce.

Sai ga tsohuwar nan ta iso, sandar Baba a hannu ɗaya, hularsa da silifata a ɗayan. Ta yi magana mai ɗan tsawo. Maman Hanan, da yake ita ke zuwa kasuwa ta fi ni jin Malayanci, ta fassara tana danne dariya: surut sunan janyewar ruwan ne, ba zagina aka yi ba. Sannan tsohuwar ta ƙara wani abu, fuskarta ba wasa, sai dariyar matata ta tsaya. Ta ce tsunami na gaskiyar ta taɓa ganin ɓarnarsa a tsibirin nan, kuma shi ba a hankali yake janyewa ba, farat ɗaya ne, yanzu kuma akwai jiniya da ake busawa. Wannan ya fi dariyar Baba yi min ciwo. Na yi shelar abin da su suka san zafinsa, ni kuwa a takarda na san shi. Na bi gadar nan da ƙafata, gida-gida, ina ba da haƙuri. Tsoho mai singileti ya ɗaga min kofinsa. Turawan kuwa ban same su ba, ina fata dai sun sauko.

Bayan magariba muka zauna a wani shagon abinci da ke kallon tashar fito. Aka kawo abinci, na miƙe zan nemi ginshiƙina.

"Ina za ka?" in ji Baba.

"Baba, na ƙoshi."

"Ka ce in yi shiru, na yi. Yanzu ni kuma na ce ka zauna." Ya turo farantin tsakiyarmu. "Mutumin da ya goya ni a gaban Turawa, wace kunya ce ta rage? Sa hannu."

Na sa hannu. Ban san abin da na ci ba, amma na ci.

Washegari wajen azahar muka hau jirgin komawa. Ruwa ya cika maƙil kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba, jiragen masunta sun tashi daga kwanciyarsu suna rausaya. Baba ya nuna min da sanda. "Ga shi nan ya dawo daga kiwo. Ka ƙirga, ko akwai wanda ya ɓata."

Na sunkuyar da kai. A raina na riga na gama lissafi: na kawo mutum don ya ga natsuwata, ya ga haukata a fili. Har na fara tunanin wace jaka za ta ɗauki kayan Hanan.

Jirgi ya kai tsakiyar ruwa, sai ya juya wurin 'yarsa. "Uwata, maganar nan ta tafiya, na janye ta."

Muka zuba masa ido, ya ci gaba.

"Na tambaya in abu ya faru wa zai ɗauke ku. To, na gani. Shi a ransa mutuwa ce ta taho, ba wasa yake ba, na ji yadda zuciyarsa ke bugawa. Da ya bi ku a guje, da ya riga kowa kaiwa titi. Bai bi ba." Ya gyara hularsa. "Ilimin ruwan ne dai babu. Amma bayan yana da ƙwari."

"Baba," in ji Maman Hanan, dariya da hawaye sun haɗe mata, "ai ni bai ɗauke ni ba. Cewa ya yi in gudu."

"Ke kina da ƙafa. Wanda ba shi da ita ya duba." Ya jawo Hanan jikinsa. "Sharaɗi ɗaya: amaryar nan ta daina ce min bola. Duk ranar da na kira waya, da Hausa za ta gaishe ni. Kin ji, amarya?"

"Boleh," in ji Hanan.

Suka zauna har na gama karatuna. Labarin kuma bai tsaya a Pinang ba, don matata ba ta iya riƙe abin dariya. Kafin mako ya zagayo, daga Wangsa Maju har Danau Kota ba ɗalibin Arewa da bai ji ba, kuma in na shiga shagon mamak sai wani ya ɗaga ƙafafunsa sama ya ce, "A ba shi hanya, ruwa na zuwa."

A ɗakin labarai, darasin farko da ake koya wa sabon shiga shi ne kada ka watsa labari sai ka ji ta bakin majiya ta biyu. Na koyar da wannan darasi ga yara da yawa. Ranar da ya kamata in yi aiki da shi, majiyata ta biyu tana goye a bayana, ƙwararriya, mai shekaru a bakin ruwa, tana ta ƙoƙarin ba ni bayani, ni kuma na ce ta yi min shiru.

Har yau in Baba ya kira waya, bayan ya gaisa da uwarsa da amaryarsa, sai ya ce a ba shi Mai Labarai.

"Yaya teku?" zai ce. "Yana nan?"

Ni kuma in ce, "Baba, bari in tantance tukuna."